Layuka Uku a Fayil ɗin Si Mongi

Ni na goge layukan nan uku. Na fara da wannan ne don kada a ce ina kewaye-kewaye, domin kewayen na riga na yi shi, kuma wani bawan Allah ne ya sha wahalarsa.

Mu huɗu ne a birnin Sfax na ƙasar Tunisiya muke kula da wata manhajar ɓoye sirri, irin wadda wasu manhajoji ke jingina da ita wajen kulle bayanan mutane. Olfa ce shugabarmu, sai Hatem sarkin surutu, sai ni, Sabeur, sai Si Mongi (Si a wurinmu kamar Malam ne), dattijon da ya fara aikin tun ina sakandare. Shi ke sa hannu a kan kowace sabuwar fitowa kafin ta shiga duniya, shekara goma sha bakwai ke nan, kuma ba shi da abin alfahari da ya wuce wannan sa hannun.

Akwai wani fayil da muke kira fayil ɗin harhaɗawa. Shi ke gaya wa kwamfuta yadda za ta haɗa manhajar a kan kowace irin na'ura: in wannan ce kunna kaza, in waccan ce kashe kaza. Kai, fayil ɗin nan! Layi dubu da ɗari biyu, sharaɗi a cikin sharaɗi, wasu na'urorin ma masu ƙera su sun rufe shago tuntuni. Duk wanda ya buɗe shi sai ya ja tsaki. Ni kuwa Allah ya yi ni da wani hali, ba na iya ganin tarkace in wuce, ko a kicin ɗin mutane ne sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Doka ɗaya ce a kan fayil ɗin: kada ka goge abin da ya shafi wata na'ura sai ka tambayi wanda na'urar ke hannunsa. Akwai wata tsohuwar na'urar karanta kati da kantunan magani na ƙauyuka ke amfani da ita har yau. Guda ɗaya tal muke da irinta, tana ƙarƙashin teburin Si Mongi. Tambayarsa kuwa na nufin awa guda na tarihi da mako guda na gwaji, don haka ban tambaye shi ba. Na ga layuka uku a sashen na'urar, ban gane amfaninsu ba, na haɗa su da wasu ɗari bakwai na share a rana ɗaya. Gwaje-gwaje duka suka wuce lafiya. Hatem ya sayo mini lablabi, romon waken nan na garinmu, da ƙwai biyu don murna, yana kirana mai tsintsiya, ni kuma ina ta hura hanci.

Bayan wata biyar wata mai bincike ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce a kan tsohuwar na'urar nan, makullin sirri yana zama a ƙwaƙwalwar na'ura bayan an gama aiki da shi, alhali ya kamata a shafe shi. Ina karantawa na gane inda matsalar take. Injin harhaɗawa na na'urar, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen na'ura, yana da shisshigi: in ya ga umarnin shafe makulli sai ya ɗauka aikin banza ne ya tsallake shi. Layukan da na goge su ne ke hana shi wannan shisshigin. Gwaji ba zai kama ba, tunda lissafin yana fita daidai.

Ranar Litinin da safe Olfa ta tara mu, ta buɗe fayil ɗin a babban allo da manhajar da ke nuna sunan wanda ya rubuta kowane layi. Sashen na'urar daga sama har ƙasa Mongi, Mongi, Mongi. Layin da aka goge ba ya nan, balle a ga sunan wanda ya goge shi, kuma babu wanda ya san an taɓa rubuta wani abu a wurin da zai je nema.

"Si Mongi," in ji Olfa, a hankali, "ba ka san halin injin nan ba ne?"

"Na sani mana. Na rubuta masa kariya. Wallahi na rubuta..." Ya matsa kusa da allon, ya cire tabarau ya mayar. "A nan take. Ko kuwa... ko niyya na yi?"

Hatem ya so ya sassauta zaman, ya ce, "Haba Si Mongi, kai da ka nemi makullin motarka rannan yana hannunka!"

Ba wanda ya yi dariya. Kowa a ofishin ya san yadda yayan Si Mongi ya ƙare da ciwon mantuwa, har ya daina gane 'ya'yansa. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Bari in rubuta gyaran yau." Olfa ta yi mini godiya. Sannan ta ce Hatem zai riƙe sa hannun na ɗan lokaci, har a sake duba sauran sassan Si Mongi. Dattijon ya ce hakan ya yi daidai, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Na rubuta gyaran cikin minti goma, babu wata wahala tunda kwafowa na yi daga abin da na goge. Har yabona aka yi wai na gano bakin zaren da wuri.

Si Mongi bai dawo ofis ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, goben ta zo in ce ai ƙura ta riga ta lafa, me zan tayar. Na gaya wa kaina cewa zai duba tarihin fayil ɗin da kansa ya gani, ya kira ni ya zage ni, a wuce wurin. Har addu'a na yi ya kira. Matata ta tambaye ni me ya sa nake tauna abinci kamar mai cin magani, na ce mata aiki ne. A rana ta tara Olfa ta ce mana ya aiko da saƙo cewa ya ajiye aikin gaba ɗaya, kuma ranar Alhamis zai je Tunis ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Ban jira an tashi ba. Na ɗauki kwamfutata na hau tasi zuwa gidansa. Matarsa, Lalla Wassila, ta buɗe mini, idanunta a kumbure. Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, ya rame, da wani ɗan littafi a cinyarsa. Ashe rubuta komai yake yi yanzu, har lokacin da ya sha shayi.

"Sabeur, ɗana, ka zo duba tsoho?"

"Si Mongi, ba ka duba tarihin fayil ɗin ba?"

"Sau uku na buɗe kwamfutar na rufe." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ina tuna ranar da na rubuta su, har rigar da ke jikina. In na duba na tarar babu, to me kuma ya rage da zan yarda da shi a kan nan?" Ya ƙwanƙwasa goshinsa.

Na durƙusa a gefen kujerarsa na buɗe tarihin, na nuna masa sharar da na yi, na gangara har wurin. Layuka uku ja wur, alamar an goge su, sunansa a kan rubutun, sunana a kan gogewar. Na ce, "Ka rubuta. Ni na goge ban tambaye ka ba. Kuma ranar Litinin ɗin nan na sani."

Ya karanta su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Ya sake karantawa. Sai ya miƙe tsaye, littafin ya faɗi ƙasa.

"Wassila! Wassila, zo ki gani! Na rubuta! Ga su nan, na rubuta!"

Ta fito da gudu da ludayi a hannu. Ba ta san komai a kan kwamfuta ba, amma ta ga fuskar mijinta, ta fashe da kuka. Ta juyo kaina. "Kai ka nemo masa? Kai ka zauna ka tono? Allah ya yi maka albarka, ɗana, Allah ya jiƙan mahaifan da suka haife ka!" Ta kama kaina da hannu biyu ta sumbaci goshina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na gode mata.

Na dubi Si Mongi ina jira ya gyara mata zancen. Yana goge tabarau da gefen rigarsa, bai dube ni ba.

Ta rantse ba zan fita ba sai na ci abinci. Ta kawo kuskus da kifi, ta zaɓi mafi girman yanka ta ɗora a gabana, ta koma kicin ɗauko barkono tana ta sa mini albarka da ƙarfi. Muka zauna mu biyu, cokali a hannuna ya ƙi tashi.

"Ci mana," in ji Si Mongi. Muryarsa babu faɗa a ciki. "Kwana tara ba ta runtsa ba, yau ne ta fara girki da daɗin rai. Ka cinye tas. In ka gama, kai za ka faɗa mata."