Gado na Huɗu

Mijina kafinta ne, kuma cikin shekara biyu gado uku ya yi mini. Duk ranar da aka fitar da tsoho aka shigo da sabo, sai matan gidan hayarmu su leƙo ta taga suna gimtse dariya. Sun ɗauka karya su muke yi. Matar wani direba a cikinsu har ta taɓa tare ni a bakin famfo ta ce, "Malama, ku riƙa tausaya wa katako mana." Na yi dariya har da tafa hannu. Da na cika bokitina na shiga ɗaki, na tura ƙofa, na zauna a bakin gadon na yi kuka mai isata.

Ni malamar firamare ce. Rediyo ake ce mini a makaranta, don idan na buɗe baki a aji uku, 'yan aji shida ma suna ɗaukar darasi. Ba na shakkar hedimasta, ba na shakkar uwar da za ta zo da ɗamara don an daki ɗanta. Amma akwai magana guda da wannan bakin nawa ya kasa furtawa, kuma ita ce ta kusa cinye mini aure.

Haihuwar 'yarmu ta zo da gardama, sai da aka yi mini ƙari aka ɗinke. Bayan na warke, ko in ce bayan an ce na warke, duk lokacin da mijina ya kusance ni sai in ji kamar an tsaga ni da reza an barbaɗa barkono. Abin da a da nake wanka da kwalliya dominsa, ya koma abin da nake jin faɗuwar gaba tun daga la'asar idan na tuna shi. Sai in cije leɓe in kafa wa sama ido. Silin ɗakinmu ƙusa hamsin da biyu ne, ɗaya ta lanƙwashe. In akwai mai musu ya zo mu ƙirga.

Wata safiya yana ɗaura takalmi zai tafi shago, ya ɗago ya dube ni.

"Malama, wai me ke damun ki ne? Jiya kamar na ji kina shessheƙa."

Ga ƙofa an buɗe mini, sai in shiga kawai. Amma da na dubi fuskarsa, sai kunya ta rufe ni, tsoro ya danne kunyar. Yaya zan ce wa mutum shi ne yake ji mini ciwo?

"Gadon nan ne," na ce. "Ciwo yake ji mini."

Wanda bai taɓa auren kafinta ba, ba zai gane girman kuskuren da na tafka ba. Da na ce masa uwarsa ce ta zage ni da abin ya zo da sauƙi. Nan take ya cire takalmin, ya zaro tef ɗin awo, ya ɗage katifa, ya shige ƙarƙashin gado sai ƙafafunsa kawai ake gani. Can ya fito da yanar gizo a gashinsa ya ce katakon tsakiya ya ɗan sauka. Cikin sati biyu gado na biyu ya iso.

Ni kuwa na shiga sana'ar ƙirƙiro uzuri. Na fara kwaso littattafan yara gida, ina duba aikin da na riga na duba. Ciwon kai ya zama ɗan gida. Al'adata kuwa ta koma kamar damina, in ta sauko ba ta san ɗaukewa ba. Har 'yarmu na mayar katanga, ina kwantar da ita a tsakiya ina cewa tana tsorata. Yarinyar da ko tsawa ba ta tashe ta.

Da abin ya ishe ni na tafi wurin yayata. Ta haifi shida, don haka a ganinta ta gama jami'a a wannan fanni. Tana yankan albasa na yi ta kewaye-kewaye har ta gane.

"Yo wannan ne abin zubar da hawaye?" in ji ta. "Kowace mace da irin nata. Ki yi haƙuri, ai ba kwana ake ana yi ba."

"Yaya, zafi fa na gaske."

"Haihuwa ma ai da zafi, kin mutu? Ke dai bakinki alaikum, kada ki kuskura ya ji. Namiji in ka ce masa abinci ya yi gishiri, gobe a waje zai ci."

Na dawo gida da haƙuri cike da jaka, ga shi ba a shafa shi, ba a haɗiya da ruwa.

Na kuma gwada asibitin unguwa. Na tarar da wani matashin likita, gemunsa bai gama haɗuwa ba, yana rubutu ko kallona bai yi ba.

"Me ke tafe da ke?"

"Idan na kwanta ne nake jin ciwo."

"A ina?"

"A ƙasa."

"Ƙasan baya?"

Na ce eh. Ni Rediyo, na ce eh. Ya rubuta mini maganin ciwon baya, ya ce in nemi shimfiɗa mai tauri. Da mijina ya ga takardar har da buga ƙirji, wai ga shi ilimin likita ya zo daidai da nasa. Haka gado na uku ya shigo, mai katako jere ƙiƙam, da allon jingina da ya zana wa furanni da hannunsa.

Dariya ake yi, amma ni na san abin da nake rasawa. Mutumin nan da fito yake shigowa gida, tun daga bakin ƙofa. Na wayi gari idan na ji fiton sai cikina ya ƙulle. In ya dafa kafaɗata ina wanke-wanke sai in zabura kamar an ɗana mini wuta, shi kuma ya janye hannun ya sa a aljihu. Sannu a hankali ya daina dafawa. Ya daina fiton. Ya fara cewa kada in ajiye masa abincin rana, aiki ya yi yawa. Ina son mijina, ina kewarsa alhali ga shi a gabana, kuma na tsani jikina kamar wani maƙiyi da aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Har na fara yarda cewa an lalata ni ne a ɗakin haihuwa, an sallamo ni ba a gaya mini ba.

Wata Asabar da hantsi ina ninke kayan wanki ya shigo da takarda, ya shimfiɗa a kan tebur. Zane ne da fensir, tsaf da shi kamar kullum.

"Na yi wani tunani," ya ce, idonsa a kan takardar. "Wataƙila motsina ne yake hana ki sakewa. Wannan karon biyu zan yi, ƙanana. Naki nan jikin taga, nawa can. Ga 'yar durowa a tsakani."

Na dubi durowar nan. Har hannun jan ta ya zana. Na ce masa ya yi kyau, ya naɗe takardarsa ya fita, ni kuma na zauna a kan kayan wankin.

Ran Litinin na ce wa hedimasta haƙori ke damuna, na wuce asibitin mata. Aka tura ni wurin wata dattijuwar likita, gajeriya, tabarau a ƙarshen hanci, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan kwali. Na fara karanto mata karatun da na saba, na idan na kwanta.

"Dakata," ta ce. "Kwanciyar barci ko kwanciyar aure?"

Na sunkuyar da kai.

"'Yata, shekara talatin ina leƙa wurin nan, har yau bai taɓa cizona ba. Wanda ya halicce shi bai ji kunya ba, sai ke? Buɗe baki."

Na buɗe. Da na fara kuwa sai ga Rediyo ta kama tasha, da kuka da majina da komai, har ƙusoshin silin sai da na ba ta labari. Ta miƙo mini takardar goge fuska, ta bar ni na gama. Sannan ta duba ni a hankali, tana gaya mini duk abin da za ta yi kafin ta yi, ta ce in na ce ta tsaya za ta tsaya. Ban san ana iya cewa a tsaya ba.

"Wanda ya yi miki ɗinkin nan," ta ce tana cire safar hannu, "ko buhu ba zan ba shi ya ɗinke mini ba. Tabon ya yi tauri, shi ya fara kawo zafin. Jikinki kuma ba wawa ba ne, da ya ga ana ji masa ciwo sai ya koyi datse ƙofa tun kafin a ƙwanƙwasa. Kina cijewa, yana ƙara datsewa."

"To yana gyaruwa?"

"Da magani, da motsa wurin yadda zan koya miki, da lokaci. Ba gobe ba, kada ki ce na yi miki alkawarin gobe. Amma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Me maigidan ya ce?"

Na gaya mata zancen gadaje. Ta cire tabarau ta yi dariya har da tari, sannan ta daina.

"Bawan Allah yana can yana aske katako, ke kina nan kina cin wuta. Je ki kawo mini kafintan nan."

Daga asibiti shagonsa na nufa, rana tsaka. Injin yanka katako yana ta kururuwa, garin katako ya yi masa fari fat har gira. A jikin bango ga ƙafafun gado takwas an jera, an riga an goge su. Na yi sallama bai ji ba. Na matsa na ce ina da magana, ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Sai na tattaro muryar aji uku gaba ɗaya.

"BA GADO BA NE!"

Daidai lokacin aka ɗauke wuta. Maganar ta fita tsirara ta cika layin. Mai walda na kusa da shi ya ɗage gilashin fuskarsa, mai faci ya saki tayar da ke hannunsa. Mijina ya je ya jawo ƙofar shago a hankali, ya share mini benci da hularsa.

Na faɗa masa. Ban ce ƙasa ba, ban ce kwanciya ba, na kira komai da sunansa kamar yadda dattijuwar ta koya mini. Yana tsaye da farko, sai ga shi zaune a kan tulin katako.

"Tun haihuwa?" ya ce.

"Tun haihuwa."

"Kowane lokaci?"

Na gyaɗa kai. Ya dubi tafin hannuwansa ya daɗe, kamar yau ya fara ganin su.

"Shekara biyu ina ji miki ciwo, kina kallon silin."

"Na ji tsoro ne, Injiniya. Na ce in ka ji za ka gaji da ni." Injiniya nake ce masa in ina tsokanarsa, kuma na manta rabon da in faɗa.

Ya zaro fensir daga bayan kunne yana juya shi.

"Malama, ni fa na san aikina. Gado na farko lafiyarsa ƙalau, ƙarya na yi da na ce ya sauka. Tun a na biyu na tabbata ba gado ba ne."

"To me ya sa ka yi ta yi?"

"Na ɗauka ni ne ba kya so. Na ce in na tambaya za ki faɗa, in kin faɗa kuma shi ke nan." Ya share hanci da bayan hannu. "Gado dai na san yadda ake gyara shi."

Ranar Alhamis ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya bi ni asibiti. Shi kaɗai ne namiji a kan benci, masu ciki sun sa shi a tsakiya, wata har ta tambaye shi wata nawa ne. Dattijuwar ta yi masa bayani tiryan-tiryan, yana zufa yana rubutawa a bayan takardar awon katako. Ta kafa mana doka: wata guda cur, a kwanta tare, a yi hira, a riƙe hannu, amma kada a wuce nan. Bayan haka ma ni ce mai cewa a ci gaba ko a tsaya.

"Ka ji ko, kafinta?"

"Na ji, Hajiya."

"Kuma ka bar itatuwan duniya su huta."

Ƙafafun nan takwas ya yi wa ajina tebura biyu da su. Ban warke a wata ɗaya ba, ban warke a biyu ba, har yanzu akwai ranar da jikina yake datse ƙofarsa, sai dai yanzu ina faɗa, shi kuma yana ji.

Amma Asabar ɗin farko ta dokar ita ce ba na mantawa. Bayan azahar 'yarmu tana wurin yayata, muka kwanta da kayanmu a jiki kamar masu jiran mota. Ya miƙo hannu ya tsaya a rabin hanya, ni na ƙarasa na kama. Na jira cikina ya ƙulle, bai ƙulle ba. Sai na ji bayana ya sauka a kan katifa, kafaɗuna suka saki, ƙafafuna suka miƙe har ƙarshe.

"Injiniya," na ce, "ashe gadon nan daɗin kwanciya gare shi."

Wata takwas ina kwana a kan gado na ukun nan ban sani ba. Ya fara dariya, sai dariyar ta sarƙe, ya juya fuska wajen bango yana murza ido. Ya ce garin katako ne. Ranar ko shago bai je ba.