Ranar da Aka Kira Ruwan Goro

Nadine Tackett ba ta da wanda take kira da sassafe sai na'ura. Ƙarfe shida na kowace safiya, tun ruwan kofinta bai tafasa ba, sai ta danna lambar kotu, wata muryar mace da aka naɗa ta karanto launukan ranar. Kowa a shirin kotu na masu barin ƙwaya da nasa launi, nata ruwan goro ne. In aka ambace shi, dole ta kai fitsarinta ɗakin gwaji kafin sha biyun rana. Wanda ya makara, daidai yake da wanda aka samu ƙwaya a jikinsa.

Wata goma sha ɗaya ke nan da Mai Shari'a Caudill ta ba ta zaɓi: ko shekara uku a gidan yari, ko magani a ƙarƙashin idon kotu. Saura wata guda a yaye ta. Gwajin bai dame ta ba, zaman nasiha ma ta saba. Sharaɗin da ke cin ranta ɗaya ne: babu hulɗa da duk mai shan ƙwaya. A kwarin nan na Kentucky kuwa, tun da ramukan kwal suka rufe, wannan sharaɗi ya kwashe ƙawayenta da 'ya'yan kawunta, ya haɗa da Wendell, wanda suka yi shekara tara suna kwana suna tashi tare.

Ranar Talata aka kira ruwan goro. Ƙarfe goma, Oleta, wata tsohuwa 'yar cocinsu da ke kai ta gari, ta bugo waya kamar za ta yi kuka.

"'Yar nan, motar ta ƙi tashi. Sanyi ya kashe batir."

Mil goma sha ɗaya ne zuwa gari, lasisin tuƙin Nadine kuma yana hannun kotu. Ta ɗaure takalmi ta kama hanya, tana sane ƙafa ba za ta kai ta ba. Motoci uku suka wuce ta, suna fantsama mata ruwan ƙanƙara. Ta huɗun tun daga nesa ta gane tarin injinta. Motar Wendell ce, ta tuno mata ranar da ya fara tsayawa ƙofar gidansu.

Wendell ya sauke gilashin tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya rame. Murmushin dai yana nan, bai tsufa ba.

"A'a, 'yar gidan alƙali! Motsa jiki ake yi?"

"Wuce, Wendell."

"Wane launi ne yau? Kar ki ce min har yanzu ke ce lemun tsami."

"Ruwan goro ne, sakarai."

"To shigo, ruwan goro. Sha ɗaya ta wuce."

Ta tsaya tana kallon kujerar da ke gefensa, kujerarta, har da ƙunar sigarin da ita ta yi mata. In ba ta hau ba ta makara. In ta hau ta karya sharaɗi. Ko ta ina, gidan yari na leƙo ta.

Sai ta zagaya baya, ta taka taya, ta haye bayan motar ta zauna tsakanin sarƙa da tsohon zarto.

"Ke Nadi, kin haukace? Ko karena ba ya zama nan a irin wannan sanyi!"

"Ja mota."

Ya ja. Iska ta riƙa yankar kunnuwanta, hawayenta na daskarewa tun kafin su kai haɓa. A wajen gada ya zuge ƙaramar tagar baya, ya turo mata rigar sanyinsa, mai ruwan ƙasa, wadda ita ta ɗinke mata gwiwar hannu. Ƙamshinsa ya iso gare ta kafin rigar. Har yatsunta sun taɓa wuyan rigar, sai ta tuna aljihun ciki na hagu, da ƙwayar da ba ta rabuwa da shi. Ta tura masa abarsa, ta zuge tagar da kanta, ta cusa hannuwa a hammata.

Sha biyu saura minti goma suka isa. Ta diro, ƙafafunta kamar na aro.

"Ko na gode babu?" in ji shi.

Ba ta juyo ba. Ta san in ta juyo ba za ta shiga ɗakin gwajin ba.

Gwajin ya fito fes, kuma ba wanda ya gan su. Ranar Alhamis a kotu aka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, duk wanda makonsa ya yi kyau a tafa masa. Da aka zo kanta, Mai Shari'a Caudill ta duba takarda ta saman tabarau.

"Nadine, komai lafiya lau. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Tafin ya riga ya fara daga baya. Wata goma sha ɗaya, wannan tafin ne kaɗai ke gaya mata akwai wanda ya san tana raye.

"Akwai, ranki ya daɗe. Wendell ne ya kai ni gwaji."

Tafin ya tsaya. Ta faɗi komai, har da bayan motar, har da rigar.

"Me ya hana ki kiran jami'ar da ke kula da ke?"

"Ban tuna akwai wanda zan iya kira ba."

Mai shari'a ta ajiye takardar. "Da a bakin wani na ji, da yau a ciki za ki kwana. Na ƙara miki wata biyu. Je ki zauna." Ta ɗan sassauta murya. "Kuma ki sayi hula."

Ba a tafa mata ba. Ta koma benci, ta tafa wa na bayanta.

Washegari ƙarfe shida ta kira lambar. Shuɗi, fari, kore. Babu ruwan goro, babu inda za ta. Muryar ta yi mata fatan wuni lafiya, layin ya katse. Nadine ta dubi kofi ɗaya da ke kan tebur, ta sake danna lambar, ta saurara tun daga farko.