Hodar Silin Firamare

Da aka tashi gyaran tsohuwar firamaren ƙauyen, can gefen Baure, leburori suka ɓamɓare silin ajujuwa suka zube shi bayan katanga. Barakatu ce ta fara kwaso ɓaraguzan. Ita ta gano cewa in an daka su a turmi, aka tankaɗe, aka kwaɓa da farar ƙasa, shafen ɗaki yana fita fes, ba ya kuma goge wa mutum a riga. Kafin mako biyu duk matan unguwa sun koya a wurinta.

Saura kwana tara Sallah, Anwar ɗan ƙanenta, mai aikin duba-gari a Daura, ya zo gaishe ta. Ya tarar da ita tana daka, gira da ɗankwali duk sun yi fari.

"Gwaggo, don Allah ajiye taɓaryar nan."

"To, sarkin leƙa kwata ya iso. Me kuma na yi?"

Ya yayyafa wa turmin ruwa kafin ya amsa. "Asbestos ne wannan. In yana sama ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Amma da an daka shi, wasu ƙananan zarurruka ke tashi, ido ba ya ganinsu. In suka shiga huhu ba sa fita. Ciwon sai bayan shekara ashirin ko talatin yake bayyana."

"Talatin? Ni ina zan kai?"

"Matan da kika koya wa fa? Rabinsu da goyo suke dakan nan."

Ta san ranar Alhamis an shirya gayyar daka a gidan maƙwabciyarta Zinariya, mata goma sha biyu a tsakar gida ɗaya, da 'ya'yansu. Anwar ya ce zai roƙi dagaci a yi shela. Ta girgiza kai.

"Mace mai shirin Sallah ba ta jin shela. Ni na koya musu, ni zan je."

Ranar Alhamis ta same su sun jera turame. Ta faɗi abin da ta ji, ba ragi ba ƙari.

Zinariya ta riƙe ƙugu. "Yaya Barakatu, da bakinki kika ce ya fi fenti."

"Na faɗa. Ban sani ba ne."

"A'a. Kin dai gama shafa naki ɗakin, yanzu kina so ranar Sallah naki kaɗai ya yi haske."

Aka kwashe da dariya, har wata ta ɗaga taɓarya. Barakatu ta ce kawai su biyo ta gida.

Anwar ya riga ya gargaɗe ta kada ta kankare bangon, ta rufe shi da ɗanyen yaɓe. A gabansu ta kwaɓa jar ƙasa, ta naɗe hannun riga, ta ɗebo ta manna wa farin bangon da ta yi kwana uku tana gyarawa. Ta sake ɗebowa. Dariya ta ɗauke. Da ta kai rabin bango, Hasana, wadda ke da goyon wata huɗu, ta sauke 'yarta a hannun wata, ta sa hannu a cikin kwaɓin.

"Nawa ma na shafa, Inna. Gobe ki zo ki taya ni."

Ba a yi daka ba ranar. Washegari aka jiƙa buhunan ɓaraguzan silin da ruwa, aka ɗaure, maza suka binne su a rami mai zurfi inda Anwar ya nuna, nesa da rijiya. Matan suka je ƙofar dagaci a kan ya kai kukansu ƙaramar hukuma: a kwashe sauran tulin da ke bayan katangar makarantar, kada kuma a sake sa irin silin nan a ajin 'ya'yansu.

Zinariya ba ta bi su ba. Sai da aka kusa rufe ramin ta iso da buhunta a ka, ta dire shi tana haki.

"Ku matsa. Kada a ce ni ce na kashe unguwa."