Jita Mai Cikin Banjo

Kafin a rufe unguwarsu ta Kilomita Biyar, Haris yana kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke unguwar Lakouanga. Shi kaɗai ne Musulmi a cikinsu, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da hakan. Ranar da faɗa ya ɓarke yana hanyar dawowa gida, jitar rataye a bayansa. Garin tsallake wata katanga ya faɗo a kanta. Ya iso gida da wuyanta kawai a hannu, tsirkiyoyin suna reto.

Daga nan unguwa ta rufe. Musulmi ba ya wuce gadar Yakité sai in ya gaji da ransa. Haris ya koma zaman shagon yayarsa Suwaiba a kasuwa, yana auna mata yadi idan an samu mai saye. Idan babu, sai ya zauna yana motsa yatsu a kan gwiwarsa.

Ɗantsoho kafinta, ƙanin mahaifinsu, shi ya gaji da ganinsa haka. Wata rana bayan azahar ya kira shi rumfarsa, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur. Cikin wani kayan kiɗa ne mai suna banjo, zagayayye kamar ƙaramar ganga, fatarsa a yage, ba wuya. Wani ɗan Kwango ne ya kawo gyara shekarun baya, bai dawo ba.

"Je ka ɗauko wuyan nan naka," in ji Ɗantsoho.

"Baba, ba za su haɗu ba. Banjo tsirkiya huɗu ne ko biyar."

"To wannan zai yi shida."

Suka samo fatar akuya wurin mahauta, suka jiƙa, suka ɗaure ta tamau, suka bar ta a rana. Ɗantsoho ya yi ta sassaƙa gindin wuyan yana gwadawa har ya zauna daidai. Da Haris ya fara taɓawa sai ya yamutsa fuska. Yatsunsa suna bin hanyar da suka saba a jita, amma sautin da ke fita irin na gurmi ne, mai tsini, ba ya daɗewa a kunne. Bai ajiye ba dai. Kafin la'asar masu turin baro sun cika bakin rumfar.

Ya kira Firmin, shugaban ƙungiyarsu, ya ajiye wayar a kan benci ya kaɗa masa. Firmin ya tambaya da yaren Sango wane irin abu ne wannan. Ya ce akwai biki ranar Asabar, bayansa kuma za su tafi birnin Douala.

"Ka fito, ɗan'uwa. Zan tsaya maka a ƙetaren gada."

Ranar Asabar da hantsi ya shirya. Suwaiba ba ta hana shi ba. Ta miƙa hannu ta cire masa hular kansa don kada a gane shi Musulmi ne, ta ce, "Allah ya tsare," ta koma ciki.

A bakin gadar samarin unguwa ne zaune bayan buhunan yashi da bindigoginsu. Wani da suka yi makarantar allo tare ya riƙe masa hannu.

"Haris, ka ga mangwaron can? Wanda ya wuce jiya bai kai wurin ba."

Haris ya duba. Titin fayau, ba mutum, ba mashin. Can ƙetare ya hango Firmin cikin jar riga yana ɗaga masa hannu. Ya taka ya hau gadar, sai ya ja ya tsaya. Yana nan tsaye aka yi harbi daga wani wuri da bai gani ba. Firmin ya duƙa ya shige lungu. Haris ya juyo, gumi ya jiƙa masa riga, ya koma kasuwa.

Matar Firmin takan shigo da ganyen rogo kasuwa da safe idan gari ya lafa. Da ta zo, Haris ya naɗe kayan kiɗan cikin atamfa ya sa mata a daro don ta kai wa Firmin, suka rufe da ganye.

Ɗantsoho ya ji haushi ƙwarai. "Don kai na yi shi, ba don su ba."

"Na sani, Baba. Amma shi zai iya wuce gadar."

Tsohon ya ci gaba da goge katako.

Bayan wasu makonni Firmin ya kira daga Douala da rana tsaka, suna gwaji. Sabon mai jitarsu ne ke kaɗa kayan kiɗan da Haris ya aika. Haris ya toshe ɗaya kunnen ya saurara. Yaron yana da hannu, amma tsirkiyar ƙasa ta saki, kuma yana dukan fatar da ƙarfi.

"Ka ce masa ya ɗaure ta ƙasa," in ji Haris. "Kuma kada ya bar shi inda akwai sanyi, fatar za ta yi laushi."

Firmin bai ji ba, ƙarar ganguna ta rufe maganar. Yana dariya yana cewa mutane suna son abin, suna tambayar wanda ya ƙera shi. Sai layin ya yanke.

Haris yana ƙoƙarin sake kira Suwaiba ta leƙo ta ce mutane suna gudu daga wajen titin Koudoukou. Ya sa wayar a aljihu, suka kwashe atamfofin da ke rataye a waje, ya jawo ƙofar ƙarfen ya kulle ta ciki.