Lambobin Alli a Gadon Jariri

Garejin gidanmu ya fi shekara goma sha biyu bai ga mota ba. Tun da Baba ya yi ritaya ya mai da shi wurin aikin katako, ba don sayarwa ba, don jin daɗin ransa kawai. Duk abin da yake haɗawa sai ya ɗauki hoto ya tura wa guruf ɗin gida, har da hoton ramin da ya fafe a jikin katako, ya rubuta a ƙasa, "Ku duba tsabtar nan." Mu kuwa mu yi ta tura masa hannu na tafi, ko ba mu gane me muke yabawa ba.

Bara hawan jini ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdulillahi, ƙafa da hannu duk sun dawo, amma wata rana ya bar injin yanka katako a kunne ya shiga ɗaki ya yi barcinsa. Daga nan Yaya, babban wanmu, ya ɗaura aniyar karɓe makullin garejin. A ganinsa kan Baba ya fara taɓuwa. Baba ya ce mantuwa ɗaya ce, kowa yana yi. Aka yi ta ja-in-ja har Mama ta raba gardamar: Baba yana haɗa gadon jariri na ɗan da matar Yaya za ta haifa, to a zo ranar Asabar a ga haɗawar. In ya haɗu lafiya, kowa ya kama bakinsa. In bai haɗu ba, makulli ya koma hannun Yaya.

Ni ce auta, kuma ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Saboda haka ranar Alhamis, da ya tafi ganin likita, na ce bari in gyara wurin, kada Yaya ya zo ya samu abin faɗa. Baba ya yarda in share, in rataye kayan aiki, sharaɗinsa ɗaya: kada in taɓa abin da ke kan benci.

Na kuwa yi aiki, ba yabon kai ba. Na kafa ƙusoshi a bango na rataye zartuna daga babba zuwa ƙarami. Na raba ƙusa da noti a gwangwanayen madara. Garin katako buhu biyu na kwashe. Da na juyo, sai bencin nan ya tsaya min a ido, shi kaɗai cikin ƙura, da sandunan gadon guda goma sha huɗu a jere a kansa. Raina ya ce ai ɗagawa a goge a mayar ba taɓawa ba ce. Na kwashe su, na goge bencin, na bi kowace sanda da jiƙaƙƙen tsumma har da farin allin da ya ɓata gindinta, na jere su tsaf. Duk iri ɗaya ne a idona.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, sai ka ce wanda ya zo duba gini. Mama ta zauna a kan wata kujera da Baba ya ƙera.

"Babu ƙusa ko ɗaya a gadon nan," in ji Baba, yana ɗaura tsohuwar rigar aikinsa. "Kowace sanda da harshenta, kowane harshe da raminsa. Da hannu na fafe su, don haka ta uku ba ta shiga ramin ta huɗu. Kuma in na zuba gam, minti goma nake da shi. Kada wanda ya yi min magana."

Ni dai ban kawo komai a raina ba tukuna.

Ya ɗauko dogon katakon gefe mai ramuka goma sha huɗu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gam. Ya ɗauki sandar farko daga hagu ya saka. Ta ƙi shiga. Ya ɗan buga da gudumar katako, ta tsaya a rabi. Ya zare ta, ya juya gindinta yana duba wani abu. Ya ajiye, ya ɗauki ta biyu, ya juya. Ta uku. Ta huɗu.

Nan na gane me na goge. Allin nan ba datti ba ne, lamba ce.

"Baba, lafiya?" in ji Yaya.

"Na ce kada a yi min magana."

Ya gwada wata a ramin farko, ta faɗa ciki tana lilo. Ya gwada wata, ta cije. Gam ya fara tsattsafowa yana bin yatsunsa. Gumi ya keto masa a goshi, ya goge da bayan hannu, ya bar farin tabo a gira.

Ni kuwa bakina ya yi nauyi. In faɗi gaskiya, tsoro ne ya kama ni, tsoron Yaya da bakinsa, da kunyar Baba wanda ya ja min kunne da magana ɗaya tak. Na riƙa ce wa kaina yanzu zai dace da ta daidai, yanzu zai dace. Sanduna goma sha huɗu, ramuka goma sha huɗu, wai yanzu zai dace.

"Malam, ka zauna ka huta mana," in ji Mama a hankali.

"Na sa musu lamba," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na san na sa."

Yaya ya sauke hannuwansa ya matso. Abin da ya fi ƙona min rai, muryarsa ta yi laushi. Da faɗa ya yi, da ya fi min sauƙi.

"Baba, ba komai. Wataƙila niyya ka yi ba ka sa ba. Haka aka yi ranar injin nan."

"Ranar Talata na sa. Da alli. Ina tsaye a nan." Ya nuna ƙasa. Sai ya sake ɗaukar sanda ya kai ta kusa da idonsa, ya juya ta gaba da baya. Katako fes, ko ɗigon fari babu. Na ga lokacin da kafaɗunsa suka sauka.

"Ko kuwa Laraba ce," ya ce. "Ko ban sa ba ne?"

Ya ajiye gudumar. Ya sa hannu mai gam a aljihun rigar ya lalubo makullin da igiyarsa, ya miƙa wa Yaya ba tare da ya kalle shi ba.

"Ungo. Mutumin da zai tuna abin da bai yi ba, bai kamata a bar shi da zarto ba."

"Ni na goge!"

Ban san da irin wannan ƙarfin zai fito ba. Duk suka juyo.

"Ni na goge, Baba. Ranar Alhamis. Na kwashe su na goge da tsumma, na zaci datti ne. Ka sa lambar, wallahi ka sa."

Yaya ya buɗe baki zai fara, Mama ta ɗaga masa hannu. Na sunkuyar da kai ina jiran saukar faɗa, don Baba ba ya wasa da bencinsa, ya taɓa yi wa Mama fushin kwana biyu a kan ta ɗora kofin shayi. Faɗan bai zo ba. Sai na ji ya matso har ina jin warin gam a jikinsa.

"Auta, dube ni. Ba don ki cece ni kike faɗa ba?"

"A'a, Baba."

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

"Me kika gani? Faɗa min yadda yake."

"Farin alli, a gindin kowace sanda. Akwai wadda ka ja wa layi a ƙarƙashi."

"Shida," ya ce da sauri. "Don kada ta rikiɗe da tara. Na ja mata layi." Ya dafa benci ya zauna a kan buhun garin katakon da na tara, makullin yana hannunsa har yanzu, gam yana bushewa a ramuka babu mai bi ta kansa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a asibiti bai yi ba.

Yaya ya juya ya kalli bango, ya daɗe yana kallon zartuna.

Baba ya kamo hannuna ya riƙe tamau.

"Sake faɗa min, Auta," ya ce. "Da ƙarfi, yayanki ya ji. Ni ma in ji."