Ƙafar Baffa Sajo

"Jiya tsumman nan bai kai haka girma ba," in ji Bilyaminu a ransa, yana leƙen maƙwabcinsa ta kan danga. Baffa Sajo na zaune a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafar dama, ta sha naɗi sai ka ce damin gero.

Ran kasuwar Gangara abin ya faru. Bilyaminu ya ɗauko fasinja a motonsa, babur ɗin kabu-kabu, tsohon ya biyo tumakinsa ya faɗo hanya, tayar gaba ta shafe shi. Mai ɗori ya duba ya ce targaɗe ne, babu karaya. Duk da haka Jaye, ɗan Sajo, ya kai ƙara, mai gari ya ce moto zai zauna a zaurensa sai ƙafa ta warke, a san abin da za a biya. Tun ranar hayaƙi ya rage tashi a gidan Bilyaminu.

Shi kuwa ya sha ganin masu targaɗe, kwana kaɗan sun miƙe. Wannan kullum sai ci gaba take yi.

"Baffa, ya ƙafa?"

"Da sauƙi, yaro."

"Da sauƙi kuma tana ƙara ƙiba? Mu tafi wurin likita a Gazawa su kwance su gani."

"A'a. Likita yankewa suke. Ni da ƙafata za ni wurin Allah."

Shi ke nan, Bilyaminu ya samu hujja. Wanda ba ya son a kwance tsumma, ai akwai abin da yake ɓoyewa. Ya bi tashar 'yan moto yana baza cewa Jaye ke cusa wa uban auduga don kuɗi su hau. Matarsa Suwaiba ce kaɗai ta musa masa.

"Ni dai ina jin nishinsa in zai tashi alwala."

"Nishi ai ba saye ake ba," ya ce.

Ran Talata da hantsi kuka ya tashi bayan danga. Allah ya yafe wa Bilyaminu, abin da ya fara zo masa a rai shi ne yanzu kuma diyyar rai za su nema.

Da yake shi ne maƙwabci na kusa, liman ya miƙa masa buta ya riƙa zuba ruwan wankan gawa. Aka warware tsumman a gabansa. Babu auduga. Ƙafar ce ta kumbura ta yi baƙi ƙirin har gwiwa, ɗan ƙujewar da ke gefen idon sawu ya zama rami. Kunya da tsoro suka rufe shi.

Bayan an dawo daga maƙabarta Jaye ya ja shi gefe, idonsa jawur.

"Baffa ya ce tumakinshi suka shiga hanyarka. Tun makon jiya ya ce in janye ƙara, ni na ƙi. Tafi ka ɗauki motonka."

Bilyaminu ya fito da moton daga zauren mai gari, ƙura ta rufe kujerar. Wani mai buhu a bakin hanya ya ɗaga hannu yana kira, "Kabu-kabu! Agiye za ni!" Bai juya ba. Ya wuce masu zaman makoki yana tura moton a hankali cikin yashi, makullin na aljihunsa.