Hurera Ta Ɗauka Godiya Ce

A wani ɗaki a Hayin Dogo, cikin Samaru, yarinya 'yar shekara biyu tana barci. An kulle ƙofa da kwaɗo ta waje, wake kuma yana kan risho. Uwarta ta fita ne ta sayo manja, fitar da ba za ta kai a tafasa ruwan shayi ba. Hurera ba ta san da wannan ba, ko da yake an gaya mata, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Hurera tela ce a Sabon Gari, ɗinki ta kai wa wata a Samaru ranar nan. Matsoraciya ce, ba don in ci zarafinta ba. Ba a yanka kaza a gabanta, in kuwa ta hango ɗan sanda sai ta tsallaka titi, alhali ba ta ci na kowa ba. To ita Allah ya tsayar a bakin kasuwa lokacin da ɗan acaɓa ya kwashi wata mata ya maka ta da kwalta, ya ƙara wuta ya ɓace.

Kun dai san halinmu. Nan da nan aka yi da'ira, kowa na salati, wasu har da ɗaga waya, amma babu mai sa hannu, don an saba jin cewa wanda ya ɗauki mai rauni shi zai yini yana amsa tambayoyi. Manja ya fashe ya gauraya da jini. Hurera ta so ta ja da baya, sai ta ji an riƙe ta. Matar ce ta damƙi bakin hijabinta.

Hurera ta dubi hannun da ya riƙe ta. Tana tsoron jini, tana tsoron hukuma, amma ta tuna maganar malamarsu ta Islamiyya, cewa ko ƙaya ka kawar daga hanya sadaka ce, balle mutum. Tsoron ta tsaya gaban Allah a tambaye ta wannan hannu ya rinjayi sauran. Ta tsayar da Keke mai ƙafa uku, wasu maza biyu suka ji kunya suka kama mata, sannan suka koma cikin 'yan kallo.

"Ina muka nufa, Hajiya?" in ji mai Keken.

Ta ce Sabon Gari, asibitin da ta haifi 'ya'yanta. Akwai na kusa, amma matsoraci hanyar da ya sani yake bi ko da ta fi nisa.

Kan matar yana bisa cinyarta, da 'yar sarƙa mai gicciye a wuya. Suna barin Samaru ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Ƙauna."

Hurera ta dubi gicciyen, ta san Kiristoci ba sa rabo da zancen ƙauna, sai ta ɗauka godiya ce irin tasu. "Ba komai, 'yar'uwa," ta ce. "Don Allah na yi."

"Ƙauna," matar ta sake faɗa, tana jan hijabin.

"Allah ya bar ƙauna. Ki yi shiru, kada ki wahalar da kanki."

Haka suka yi ta yi har Kwangila. Duk faɗa sai ta amsa da addu'a, har wani ɗan sanyi ya fara ratsa tsoron nata, ta ji ita ma yau ta aikata abin kirki. Abin haushi ke nan da mai alheri. Da zarar ya fara jin daɗin kansa, kunnensa ya toshe.

A asibiti aka karɓi matar aka shige da ita. Hurera ta zauna a benci da jakar matar a hannu, tana jiran a zo a tuhume ta. Wadda ta fito nas ce, Winifred, mutuniyar Zonkwa, fuskarta ba walwala.

"Hajiya, ina yarinyar?"

"Wace yarinya? Ita kaɗai na ɗauko."

"Tana ta kiran Ƙauna, tana cewa wuta. Ƙauna suna ne a wurinmu, sunan ƙanwata ke nan."

Hurera ta miƙa mata jakar. Winifred ta zazzage jakar a kan benci: canji, ɗan makulli ɗaure da zare, ƙaramar waya. Ta duba sunaye ta sami Baban Ƙauna, ta kira. Sunansa Yunana, yana Kaduna wurin aiki. Matarsa Liya ce. Da ya ji abin da ake tambaya, ya ce Ƙauna 'yarsu ce, shekararta biyu. Ya ce maƙwabtansu duk ɗalibai ne, suna makaranta a wannan lokaci, babu wanda za a kira. Ya ce Hayin Dogo, bayan injin niƙa, gida mai koren ƙyaure, ɗaki na ƙarshe.

Winifred ta karɓi lambar Hurera ta danƙa mata makullin. Mai Keken bai tafi ba, yana wanke kujerarsa. Da ya ji, ya ajiye bokitin ya tayar da inji.

Ban san tafiyar da ta kai wannan tsawo a rayuwar Hurera ba. A Kwangila wata tirela ta gitta, motoci suka cushe. Ta riƙe makullin har ya yi mata shaida a tafin hannu. Ta yi ƙoƙarin karanta addu'a, bakinta ya kasa haɗa ko ɗaya, sai "Ya Allah" kawai. Tana ƙirga sau nawa matar ta faɗa mata. Bakwai ta samu, kuma duk bakwai ɗin ita ta rufe mata baki. In yarinyar nan ta mutu, ba ɗan acaɓa kaɗai ya kashe ta ba. Wannan tunani ya fi duk wani ɗan sanda ban tsoro.

Tun daga injin niƙa ta jiyo ƙauri. Tsakar gidan babu kowa, shanya ce kawai a igiya. Hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofar ƙarshe, siriri, kuma babu kuka. Da ma kuka ta ji.

Makullin ya faɗi daga hannunta sau biyu kafin kwaɗon ya buɗe. Hayaƙi ya bugi fuskarta. Tukunya ta ƙone ƙurmus, wuta ta kama tsumman da ke gefen risho, ta fara lasar labule. Mai Keken ya fizge labulen ya tattake, ya yi waje da rishon. Hurera kuwa, wadda ko ashana ba ta son ƙyastawa, ta durƙusa tana lalube a kan katifa. Babu kowa a kai.

"Ƙauna," ta kira. "Ƙauna, ina kike?"

A lungun katifa da bango hannunta ya taɓa 'yar ƙafa. Ta jawo ta ta fito da gudu. Jikin yarinyar ya saki, ido a rufe. Hurera ta zauna daɓas a tsakar gida, ta shafa mata ruwan randa a fuska, tana hura mata iska, tana jijjiga ta, tana roƙon Allah kada ya kama ta da laifin kunnenta.

Wayarta ta yi ƙara. Mai Keken ya ɗauka ya kara mata a kunne. Winifred ce.

"Hajiya, Liya ta farfaɗo. Ta ƙi yarda a yi mata komai sai ta ji labarin 'yarta. Ga ta."

Hurera ta ji numfashin Liya a wayar, tana jira. Ta dubi yarinyar, ta ɗaga ta ta kifa a kafaɗa, ta buga bayanta da ƙarfin da ba ta taɓa bugun ɗan kowa ba.

Yarinyar ta yi tari. Ta sake yi, ta shaƙi iska, sannan ta tsala kuka.

Hurera ta karɓi wayar, ta kai ta bakin yarinyar, ta riƙe a nan.